Yadda Aka Mai da Musulmin Indiya Baƙo a Ƙasar Kakanninsa

Ranar Lahadi, 6 ga Disamban 1992, taron da aka ƙiyasta ya kai mutum 150,000 ya kewaye wani tsohon masallaci a garin Ayodhya da ke jihar Uttar Pradesh, a arewacin Indiya. Gwamnatin jihar ta riga ta yi wa Kotun Ƙoli alƙawarin cewa babu abin da zai taɓa ginin. Wajen tsakar rana sai matasa suka ture shingen 'yan sanda, ɗauke da diga da guduma da igiyoyi, suka haye ƙubbobin masallacin guda uku. Kafin magariba babu ko ɗaya da ta rage a tsaye. Masallacin Babri, wanda wani kwamandan Sarki Babur mai suna Mir Baqi ya gina a 1528, ya zama tarin ƙasa cikin 'yan sa'o'i. Tarzomar da ta biyo baya a garuruwa daban-daban ta ci rayuka kusan 2,000, akasarinsu Musulmi.

Galibi idan ana ba da wannan labari akan nuna shi a matsayin rigima kan fili: mabiya addinin Hindu sun ce a daidai nan aka haifi abin bautarsu Ram, Musulmi kuma sun ce masallacinsu ne tun ƙarni huɗu da rabi. Haka ne, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Digar da aka sari ƙubbar da ita an fara wasa ta ne shekara 69 kafin ranar, a cikin wani ɗan ƙaramin littafi da wani fursuna ya rubuta.

Sunan fursunan Vinayak Damodar Savarkar. Turawan Ingila sun ɗaure shi saboda gwagwarmayar neman 'yanci, ya shafe shekara goma a kurkukun tsibiran Andaman kafin a mayar da shi gidan yarin Ratnagiri. A 1923 aka buga littafin nasa a Nagpur, kuma da shi ne kalmar Hindutva, wato "Hinduntaka", ta samu gindin zama. Tambaya ɗaya ya sa a gaba: wane ne ɗan Hindu? Tambayar ba mai sauƙi ba ce. Addinin Hindu ba shi da littafi guda da kowa ya yarda da shi, ba shi da kalmar shahada, ba shi da alƙibla ɗaya. Mabiyansa suna magana da harsuna da dama, sun kuma kasu dubban rukunoni na gado, inda wanda aka haifa a rukunin sama ba ya cin abinci da na ƙasa, ba ya aurar masa da 'ya, a wasu wuraren ma ba sa ɗiban ruwa a rijiya ɗaya. Da wace igiya za a ɗaure wannan tsintsiya?

Savarkar bai nemi igiyar a cikin aƙida ba. Shi kansa ba mutum ne mai ibada ba, har ya sha yi wa masu tsarkake saniya ba'a, yana ganin dabba ce mai amfani kawai. Sai ya shata iyaka. A wurinsa ɗan Hindu shi ne wanda ƙasar Indiya ta zame masa abu biyu a haɗe: ƙasar kakanninsa, kuma ƙasarsa mai tsarki. Da wannan ma'auni mabiya Sikh da Jain da Buddha duk sun shigo ciki, domin addinansu a can suka tsiro. Musulmi da Kirista kuwa sun faɗi jarrabawar tun kafin su zauna, domin wurarensu masu tsarki suna Makka da Madina da Ƙudus. Ko da kakannin mutum sun yi shekara dubu suna noma gona ɗaya a Bengal, muddin yana fuskantar Ka'aba sau biyar a rana, to ana ɗaukar zuciyarsa a waje take.

Mai karatu ya lura da dabarar da ke ciki. Ma'anar ba ta gaya wa ɗan Hindu abin da zai yi imani da shi ba, ba ta ɗora masa azumi ko sadaka ko gaskiya a ciniki ba. Abin da ta gaya masa kawai shi ne wanda ba nasa ba ne. Babban malamin Brahmin da mai share kwata ɗan Dalit, waɗanda ba sa haɗa inuwa, sai ga shi sun zama al'umma ɗaya, ba don wani abu ya sauya a tsakaninsu ba, sai don an nuna musu mutum na uku.

Ba daga sama wannan tunani ya faɗo ba. Tarihin Indiya yana da raunuka na gaske, kuma rashin adalci ne a ɓoye su. Mahmud na Ghazni ya fasa wurin bautar Somnath a 1026, Sarki Aurangzeb kuma ya sa an rushe babban wurin bauta na Varanasi a 1669. Sai dai tarihin nan ne kuma ya nuna Man Singh, basaraken Hindu, yana jagorantar rundunar Sarki Akbar, da Musulmi suna yaƙi a rundunar Shivaji wanda yau ake ɗaga hotonsa a matsayin gwarzon Hindu. Sarakuna suna yaƙi ne kan ƙasa da haraji, kowa da abokan tafiyarsa daga kowane addini. Kuma mafi yawan Musulmin Indiya ba jikokin mayaƙan Turkawa ko Afganawa ba ne, 'yan ƙasa ne da kakanninsu suka musulunta a hannun fatake da shaihunnan sufaye. A gaɓar Malabar ta kudu, ciniki ne ya kai Musulunci tun ƙarnonin farko na Hijira.

Abin da mulkin mallaka ya ƙara shi ne lissafi. Daga 1871 Turawa suka fara ƙidayar jama'a suna zuba kowa a gurbin addininsa, duk shekara goma a fito da alƙaluma. A 1909 suka ware wa Musulmi kujerunsu da masu zaɓensu daban a majalisu. Daga nan yawan kai ya zama mulki, kuma kowace ƙidaya ta zama abin fargaba. A wannan shekarar ce wani marubuci ɗan Bengal, U. N. Mukherji, ya fitar da ƙasidar da ke cewa 'yan Hindu al'umma ce mai ƙarewa, Musulmi za su rinjaye su da haihuwa. Fiye da ƙarni guda ke nan ana maimaita wannan magana.

Savarkar ya ba da tunani, amma wani likita mai suna Keshav Baliram Hedgewar ne ya yi masa jiki. A 1925 ya kafa ƙungiyar Rashtriya Swayamsevak Sangh, wadda aka fi sani da RSS, a birnin Nagpur. Tsarinta mai sauƙi ne ƙwarai. Kullum da sassafe ko da yamma yara da matasa maza kan taru a wani fili na unguwa, su kafa tuta ruwan goro, su yi motsa jiki da wasan sanda, su saurari labaran jaruman da, sannan su watse. Sa'a guda ce a rana. Babu wanda zai ga laifin wannan daga nesa, kuma ƙungiyar ta yi suna wajen kai agaji lokacin ambaliya da girgizar ƙasa. Amma yaron da ya yi shekara goma yana jin labari iri ɗaya, inda mugun kullum sunansa ɗaya, ba ya buƙatar a sake gaya masa wanda zai tsana. Magajin Hedgewar, M. S. Golwalkar, ya fito fili a wani littafi na 1939 cewa waɗanda ba 'yan Hindu ba su zaɓi ɗaya: ko su narke cikin al'adar Hindu, ko su zauna a ƙarƙashi ba tare da haƙƙin ɗan ƙasa ba. A nan ne ma ya nuna abin da Jamus ke yi wa Yahudawa a matsayin darasi. Daga baya ƙungiyar ta nesanta kanta da littafin. Wani littafin nasa na 1966 ya lissafa barazanar cikin gida guda uku: Musulmi, Kirista da 'yan gurguzu.

A nan dole mu faɗi abin da ba kowa ke son ji ba. Wannan ra'ayi na cewa Indiya al'umma biyu ce da ba za su haɗu ba, ba ɓangare ɗaya ne ya riƙe shi ba. Savarkar ya furta shi a jawabinsa na Ahmedabad a 1937, jam'iyyar Muslim League ta Muhammad Ali Jinnah kuma ta gina buƙatarta a kansa a taron Lahore na 1940. Kowane ɓangare yana kafa hujja da maganar ɗayan. Manyan malaman Musulunci da dama sun ƙi. Maulana Husain Ahmad Madani na makarantar Deoband ya rubuta littafi a 1938 yana bayyana cewa Musulmi da wanda ba Musulmi ba suna iya zama 'yan ƙasa ɗaya, yana kafa hujja da yarjejeniyar da Manzon Allah (SAW) ya ƙulla da mazauna Madina. Maulana Abul Kalam Azad shi ma ya yi adawa da raba ƙasar har ƙarshe. Ba a saurare su ba. A Agustan 1947 aka tsaga ƙasar, mutum wajen miliyan 15 suka bar gidajensu, aka kashe dubban ɗaruruwa a hanya, Musulmi da Hindu da Sikh.

Abin da ya faru a Pakistan bayan nan ya cancanci ɗalibi ya tsaya a kansa. Ƙasar da aka kafa domin Musulmi su rabu da Hindu, da Hindun ya yi nisa sai aka fara neman wani baren a cikin gida. A 1948 aka gaya wa Musulmin Bengal, waɗanda su ne mafi yawa a ƙasar, cewa Urdu kaɗai ne harshen ƙasa. Ranar 21 ga Fabrairun 1952 'yan sanda suka harbe ɗalibai masu zanga-zanga a Dhaka. A 1971 sojojin Pakistan suka yi wa Gabashin ƙasar kisan da har yau ake jayayya kan adadinsa, ana zargin 'yan Bengal da cewa Musuluncinsu ya gauraya da al'adar Hindu. Daga nan Bangladesh ta ɓalle. Masu salla ɗaya, masu alƙibla ɗaya. Malaman tarihi sun kawo yadda wata rana a hanyar dawowa daga yaƙi wani Bamuhajire da wani Ba'ansare suka yi saɓani, kowanne ya yi kururuwar neman mutanensa, Manzon Allah (SAW) ya kira wannan kiran jahiliyya ya kuma hana shi. Abin lura shi ne sunayen da suka kira, Muhajirai da Ansaru, sunaye ne masu daraja da Alƙur'ani ya yabe su. Amfani da su domin ja wa ɗan'uwa layi shi ne abin da aka hana.

Mu koma Indiya. Babban mutum na farko da wannan aƙida ta ci ba Musulmi ba ne. Ranar 30 ga Janairun 1948, Nathuram Godse, wanda ya taso a RSS ya kuma zama mabiyin Savarkar, ya harbe Mahatma Gandhi yana kan hanyar zuwa addu'ar yamma a Delhi. Laifinsa a wurin Godse shi ne sassauci ga Musulmi. Gandhi ya fi Savarkar riƙo da ibadar Hindu nesa ba kusa ba, amma duk tafiyar da aka gina kan ƙin bare tana jin haushin ɗan gida mai sulhu fiye da baren kansa, domin shi ne ke ƙaryata labarin. An haramta RSS har zuwa 1949. An gurfanar da Savarkar, kotu ta sallame shi saboda rashin isasshiyar shaida.

Kisan Gandhi ya jefa tafiyar cikin kunya na tsawon shekaru. Jam'iyyar BJP, wadda aka kafa a 1980 daga tsatson RSS, kujera 2 kacal ta samu a zaɓen 1984. Masallacin Babri ne ya fito da ita. Tun daren 22 ga Disamban 1949 wasu suka shigar da gumaka cikinsa a ɓoye, hukuma ta garƙame shi, Musulmi suka daina salla a ciki. A 1986 kotu ta ba da umarnin buɗe ƙofa ga masu bautar Hindu. A zaɓen 1989 kujerun BJP suka kai 85.

Sai kuma abin da ya faru a 1990, wanda a ganina shi ne mabuɗin fahimtar al'amarin gaba ɗaya. A watan Agusta gwamnatin V. P. Singh ta sanar da cewa za ta ware kashi 27 cikin 100 na guraben aikin gwamnatin tarayya ga rukunonin Hindu na ƙasa-ƙasa da aka daɗe ana dannewa, bisa shawarar kwamitin Mandal. 'Ya'yan manyan rukunoni suka fusata, wasu ɗalibai har suka cinna wa kansu wuta. Bango ya tsage, ana ganin al'ummar Hindu za ta dare gida biyu kan rabon arziki. Wata guda bayan haka, ranar 25 ga Satumba, shugaban BJP L. K. Advani ya hau wata motar Toyota da aka ƙawata kamar karusar sarakunan da, ya tashi daga Somnath, wurin da Mahmud ya fasa, ya nufi Ayodhya. Ayarin ya bar tarzoma da gawarwaki a baya, har gwamnatin jihar Bihar ta kama shi a watan Oktoba. Maganar wa ya danne wa a cikin gida ta lafa, maganar masallaci ta cika gari. A zaɓen 1991 jam'iyyar ta samu kujera 120.

Tun daga nan hanyar ba ta sauya ba, sai dai ta ƙara faɗi. A Fabrairun 2002 gobara ta cinye wani taragon jirgin ƙasa a Godhra ta jihar Gujarat, mahajjatan Hindu 59 da ke dawowa daga Ayodhya suka mutu, kotu ta kuma samu wasu Musulmin garin da laifi daga baya. Ramuwar da aka yi kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba ta ci Musulmi 790 da Hindu 254, a lissafin gwamnati kanta. Narendra Modi, wanda ya tashi a RSS tun yana yaro, shi ne babban ministan jihar a lokacin. Kwamitin binciken da Kotun Ƙoli ta kafa ya ce bai samu hujjar gurfanar da shi ba. A 2014 ya zama firaminista.

Ƙidayar 2011 ta nuna 'yan Hindu kashi 79.8 ne cikin 100, Musulmi kashi 14.2, wato kimanin mutum miliyan 172. Binciken lafiyar iyali na gwamnati ya nuna matsakaicin haihuwar mace Musulma ya sauko daga 'ya'ya 4.4 a farkon shekarun 1990 zuwa ƙasa da 2.4 a 2021, tazarar da ke tsakaninta da 'yar Hindu kuma sai raguwa take yi. Rahoton kwamitin Sachar na 2006 ya gano Musulmi kashi 3 ne kacal na manyan jami'an mulki, kashi 4 na manyan 'yan sanda. Daga cikin kujeru 543 na majalisar ƙasa, 24 ne Musulmi suka ci a 2024. Waɗannan su ne mutanen da ake gaya wa mutum biliyan guda cewa suna dab da ƙwace ƙasar. Alƙaluma ba sa kashe irin wannan tsoro, domin tun farko ba alƙaluma ne suka haife shi ba. Ana buƙatarsa ne.

Shi ya sa kullum sai an samo sabon dalili. A Satumban 2015 aka yi wa wani magidanci Musulmi dukan mutuwa a wani ƙauye kusa da Dadri bisa jita-jitar cewa akwai naman saniya a gidansa, alhali ɗansa yana aiki a rundunar sojin saman ƙasar. Daga 2020 jihohi da dama suka yi dokokin da ke tsananta sauya addini saboda aure, bisa zargin cewa samarin Musulmi suna yaudarar 'yan matan Hindu da gangan. A 2018 aka sauya wa birnin Allahabad suna zuwa Prayagraj. A 2022 aka hana ɗalibai mata shiga aji da hijabi a makarantun gwamnatin jihar Karnataka, babbar kotun jihar ta amince, alƙalan Kotun Ƙoli biyu kuma suka rabu a kai. Dokar zama ɗan ƙasa ta Disamban 2019 ta buɗe hanya mai sauƙi ga 'yan gudun hijira daga Pakistan da Bangladesh da Afghanistan, ta lissafa addinai shida, ta tsallake Musulunci. Wanda ya san ma'aunin 1923 zai ga inuwarsa a nan. Kiristoci ma ba su tsira ba: a 1999 aka ƙone wani ɗan mishan ɗan Ostireliya, Graham Staines, tare da 'ya'yansa biyu ƙanana a cikin mota a jihar Odisha.

Bahaushen da ya tashi da kallon fina-finan Indiya zai yi mamakin wannan, domin Indiyar da ya sani ita ce ta Dilip Kumar, wanda sunansa na yanka Yusuf Khan, da muryar Muhammad Rafi. Waccan Indiyar ba ƙarya ba ce, kuma ba ta mutu ba. 'Yan Hindu ne da yawa daga cikin lauyoyi da 'yan jarida da alƙalan da suka tsaya wa waɗanda aka zalunta a Gujarat, wasunsu har da ɗauri. Lokacin da matan unguwar Shaheen Bagh suka zauna kan titi a Delhi cikin sanyin hunturun 2019 suna adawa da dokar zama ɗan ƙasa, mabiya Sikh ne suka riƙa dafa musu abinci. Kuma bai kamata a manta ba cewa a makon da aka rushe Babri, gungun Musulmi a Pakistan da Bangladesh sun far wa wuraren bautar maƙwabtansu 'yan Hindu marasa rinjaye, waɗanda ba su taɓa ganin Ayodhya ba. Kowane hari irin wannan kyauta ce ga masu cewa zama tare ba zai yiwu ba.

Ranar 9 ga Nuwamban 2019 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan filin Babri. Ta ce shigar da gumaka a 1949 saɓa doka ne, ta ce rushewar 1992 ma saɓa doka ce, sannan ta miƙa filin domin gina wurin bautar Ram, ta ce a ba Musulmi eka 5 a wani wuri. A Satumban 2020 wata kotu ta musamman ta wanke duka mutum 32 da suka rage cikin waɗanda ake tuhuma da rushewar, har da Advani. Ranar 22 ga Janairun 2024 Modi da kansa ya jagoranci bikin buɗe sabon ginin. A ranar, ba a aza ko tubali ɗaya na masallacin da aka yi alƙawari a ƙauyen Dhannipur ba.

Da a ce filin ne matsalar, da magana ta ƙare a nan. Akwai ma dokar 1991 da ta ce kowane wurin ibada ya ci gaba da zama yadda yake ranar 15 ga Agustan 1947, Babri kaɗai aka keɓe. Amma ƙararraki sun riga sun taru kan masallacin Gyanvapi a Varanasi da na Shahi Idgah a Mathura. A Nuwamban 2024 binciken da wata kotu ta ba da umarnin yi a masallacin Juma'a na Sambhal ya jawo arangamar da aka rasa rayuka aƙalla 4, a watan kuma wata kotu ta karɓi ƙara kan hubbaren Shaihu Mu'inuddin Chishti a Ajmer, wurin da 'yan Hindu da kansu suka saba ziyarta tun ƙarnoni. Shugaban RSS Mohan Bhagwat ya yi ƙorafi a 2022 cewa bai kamata a riƙa tono kowane masallaci ana neman gunki ba. Masu shigar da ƙara ba su fasa ba.

Ƙasa da wata biyar bayan bikin buɗe ginin aka ƙirga ƙuri'un zaɓen ƙasa. Kujerun BJP suka sauko daga 303 zuwa 240, ta rasa rinjayen da take da shi ita kaɗai, sai da ta jingina da ƙananan jam'iyyu kafin ta kafa gwamnati. Cikin kujerun da suka suɓuce mata har da Faizabad, mazaɓar da garin Ayodhya ke cikinta. Mazauna garin sun yi ta kuka kan gidaje da shagunan da aka rushe musu domin faɗaɗa hanyar masu ziyara, da kuma diyyar da suka ce ba ta taka kara ta karya ba. Wanda ya ci kujerar, Awadhesh Prasad na jam'iyyar Samajwadi, ɗan Dalit ne.